Me ya haɗa Atina da Urushalima? Yadda malaman Kirista na farko suka yi fama da falsafar Girkawa

Akwai wata magana da ake yawan jefowa duk lokacin da gardamar addini ta kaure, wai Kiristanci ba komai ba ne illa falsafar Girkawa da aka sa wa rigar Linjila, su kuma ɗaya ɓangaren su ce sam, malamansu na farko ba su ɗauki ko ƙwayar zarra a wajen Aflaton, babban masanin falsafar Girka, ba, komai daga nassi ya fito. Ni dai a ganina duka biyun sun sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi. Mutanen nan da ake magana a kansu an fille kan wasunsu saboda imaninsu, kuma su ɗin ne dai suke zaune suna kai-komo da littattafan masu bautar gumaka suna tantance abin da za su ɗauka da abin da za su zubar, wani lokacin su dace wani lokacin abin ya fi ƙarfinsu.

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe shi ne harshe. Tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, Girkanci ya zama harshen kasuwa da makaranta da kotu a gabashin Bahar Rum. Yahudawan Iskandariyya ta Masar ma sai da suka fassara Attaura zuwa Girkanci tun ƙarni na 3 kafin miladiyya saboda 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci sosai, kuma littattafan Sabon Alkawari gaba ɗaya da Girkanci aka rubuta su. To ka ga ba wai wata rana ce malaman coci suka zauna suka yanke shawarar shiga gonar Girkawa ba, a cikinta suka buɗe ido. Linjilar Yohanna ta buɗe da cewa tun fil azal akwai Kalma, kuma kalmar da aka yi amfani da ita, logos, ta riga ta shekara ɗaruruwa a bakin masana falsafa, su Hiraklitus da mabiya mazhabar Sitowa suna nufin hankalin da ke tafiyar da duniya da ita, sannan wani malamin Yahudawa na Iskandariyya mai suna Filo ya riga ya yi amfani da ita wajen bayanin yadda Allah maɗaukaki yake hulɗa da halitta. Bayahude zai karanta ayar ya tuna da Allah ya ce "kasance" sai abu ya kasance, Bagirke mai ilimi kuma zai karanta ta ya ji wani abu daban, kuma dukkansu suna zaune a coci ɗaya.

Ko Bulus kansa ba fuska ɗaya ya nuna ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 17 ga shi a Atina yana muhawara da 'yan Sitowa da mabiya Abikur, har yana jawo baitin mawaƙansu don kafa hujja, suna saurarensa har sai da ya ambaci tashin matattu sannan wasu suka fashe da dariya. A wasiƙar Kolosiyawa kuma an gargaɗi masu bi kada wani ya kama su da falsafa da yaudarar wofi. Duk wanda ya zo daga baya yana da ayar da zai riƙe.

Mutumin da ya fara rungumar abin da hannu biyu shi ne Jastin, wanda aka haifa wajajen shekara ta 100 a garin da yau ake kira Nablus a Falasɗinu. Shi da kansa ya ba da labarin yawon neman iliminsa, ya ce ya fara da malamin Sitowa amma ya ga mutumin bai damu da sanin Allah ba, ya koma wajen wani mabiyin Aristotal wanda bayan 'yan kwanaki ya fara maganar kuɗin makaranta, ya je wajen mabiyin Fisagoras ya ce masa sai ya fara sanin kiɗa da ilimin taurari da na lissafin siffofi tukuna, daga ƙarshe ya samu natsuwa wajen masu bin Aflaton, har ranar da ya haɗu da wani dattijo a bakin teku wanda ya rusa masa hujjojinsa ya nuna masa littattafan annabawa. Abin da ya burge ni shi ne bayan ya zama Kirista bai tuɓe mayafin da masana falsafa ke yafawa ba, ya buɗe makaranta a Rum yana cewa shi Kiristanci ne falsafa ta gaskiya. Hujjarsa ita ce logos ɗin nan ya warwatsa irinsa a cikin dukkan 'yan Adam, saboda haka duk wanda ya rayu bisa hankali na gaskiya kamar Sukurat, to Kirista ne tun kafin zuwan Almasihu ko da mutanensa sun kira shi marar addini. Ya kuma ce Aflaton ya ɗebo wasu abubuwa daga Musa, wanda wannan kam tarihi bai goyi bayansa ba. An fille kansa a Rum wajajen 165, kuma alƙalin da ya yanke hukuncin, Rustikus, shi kansa masanin falsafar Sitowa ne, malamin sarki Markus Aureliyus. Wato falsafar da Jastin yake girmamawa ba ta cece shi a hannun masu ita ba.

Sai ga Tatuliyan daga Kartaj, Tunisiya ta yau, wajajen shekara ta 200, mutum mai kaifin harshe, shi ne ya yi shahararriyar tambayar nan, me ya haɗa Atina da Urushalima, me ya haɗa makarantar Aflaton da coci? A wajensa masana falsafa su ne kakannin 'yan bidi'a, domin ya ga yadda ƙungiyoyin da ake kira Nostik suka cakuɗa Linjila da tunanin Aflaton har suka ce duniyar nan wani ƙaramin ubangiji ne ya yi ta, jiki kuma kurkuku ne kawai. Tsoronsa yana da tushe. Amma fa shi ɗin nan da ya tashi bayanin rai sai ya ɗauko ra'ayin 'yan Sitowa cewa rai ma wani irin jiki ne, yana kiran Seneka, wani masanin Sitowa, da cewa sau da yawa namu ne, kuma shi ne ya fara amfani da kalmar Latin da ta zama Triniti tare da tsarin zati ɗaya, mutum uku. Mai zagin falsafa da kayan falsafa yake aiki, domin babu wasu kayan a kasuwar.

Me ya sa ba za su iya yin shiru kawai su ce mun yi imani ba? Saboda ana kai musu hari ne da hankali. Wajajen 178 wani masani mai suna Selsus ya rubuta littafi guda yana ragargazar Kiristoci, ya ce addinin masu saƙa ne da dukawa da masu wanki, malamansu na cewa kada ka yi tambaya ka dai gaskata, ya ce in Allah cikakke ne to saukowarsa cikin jiki canji ne daga kyau zuwa ƙasa da haka, kuma Allah ba ya canzawa, ya kira begen tashin jiki begen tsutsotsi. Yaron da ya yi karatu a Iskandariyya ko Antakiya in ya ji wannan dole ya dawo gida da tambaya, kuma in ba a ba shi amsa da irin ma'aunin da aka yi tambayar da shi ba to an rasa shi.

A Iskandariyya aka ɗauki wannan aiki da gaske. Kilimanti, wani malamin Kirista na garin, ya ce kamar yadda Attaura ta yi wa Yahudawa tarbiyya har zuwan Almasihu haka falsafa ta yi wa Girkawa, ita ma baiwa ce daga Allah. Amma gwarzon wajen shi ne Orijin, an haife shi wajajen 185, an kashe mahaifinsa saboda addini yana ɗan shekara 17 ko ƙasa da haka, har ana ba da labarin mahaifiyarsa ta ɓoye masa tufafi don kada ya fita ya miƙa kansa. Wannan mutum ya jera Tsohon Alkawari a layi shida, Ibrananci da fassarori daban-daban na Girkanci gefe da gefe don a gane inda suka saɓa, ya rubuta littafin aƙida mai tsari na farko a tarihin Kiristanci, sannan wajajen 248 ya bi littafin Selsus sakin layi bayan sakin layi ya mayar masa da martani a juzu'i 8, kuma albarkacin haka ne ma muka san abin da Selsus ya faɗa tunda littafinsa ya ɓace. Ga ɗalibansa yana cewa su yi da falsafa yadda Bani Isra'ila suka yi da zinariyar Misirawa, suka fita da ita suka ƙawata wurin ibada.

Sai dai a wajen Orijin ne za ka ga inda ruwan ya fara cin mai iyo. Ya yi tunanin cewa rayuka sun wanzu tun kafin a haife su a jiki, sun yi sanyi a ƙaunar Allah shi ya sa suka faɗo, kuma ya yi fatan a ƙarshe dukkan halitta mai hankali za ta koma ga Allah. Duk inda nassi ya yi masa nauyi a zahiri sai ya nemi ma'anar ɓoye. Forfiri, babban maƙiyin Kiristanci, ya ce Orijin yana rayuwa irin ta Kirista amma tunaninsa game da Allah na Bagirke ne. An azabtar da shi a zamanin sarki Desiyus a 250, ya mutu bayan 'yan shekaru da raunukan, amma duk da haka a taron Kustantiniyya na 553 aka sa sunansa cikin waɗanda aka la'anta, shekara 300 bayan mutuwarsa. Wannan hukunci yana min ciwo gaskiya, domin yawancin waɗanda suka la'ance shi da tsaninsa suka hau.

Rikicin da ya fi kowanne shi ne na Ariyus, wani limamin coci a Iskandariyya wajajen 318. Hujjarsa mai sauƙin bi ce, in Uba shi kaɗai ne marar farko, Ɗa kuma haifaffe ne, to akwai lokacin da babu shi, saboda haka halitta ne ko da ya fi dukkan halitta daraja. Abin ya raba coci har sarki Kustantin ya tara bishop-bishop sama da 200 a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a shekara ta 325. Atanasiyus, babban abokin hamayyar Ariyus wanda daga baya ya zama bishop na Iskandariyya, ya ba da labarin cewa duk lafazin nassi da aka kawo sai mutanen Ariyus su ƙyafta wa juna ido su amince, domin suna da yadda za su fassara shi, shi ya sa aka ɗauko kalmar da babu ita a Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya, homo'usiyos, ma'ana zatinsu ɗaya da Uba. Masu cewa falsafa ta ci Kiristanci nan suke nunawa, kuma kalmar kam ta masana ce ba ta almajiran Yesu masunta na Galili ba.

Amma a duba da kyau. Falsafar da ke tashe a lokacin ita ce ta Filotinus, wanda ya mutu a 270, kuma tsarinsa hawa-hawa ne, akwai Ɗaya a can ƙoli, daga gare shi Hankali ya ɓulɓulo, daga Hankali Rai ya fito, kowanne yana ƙasa da na samansa. Wanne ya fi dacewa da wannan tsani, Ariyus da ya sa Ɗa a matakin tsakiya ko Nikiya? Ai Ariyus ne. Abin da Nikiya ta yi shi ne ta karya tsanin, ta ce layi ɗaya ne kawai, Mahalicci a gefe halitta a gefe, babu rabin-allah a tsakani, sannan ta sa Ɗa a ɓangaren Mahalicci saboda masu bi sun riga sun daɗe suna yi masa sujada suna yin baftisma da sunansa. Musulmi ba zai karɓi wannan matsaya ba, wannan a fili yake, amma ko wanda bai yarda da ita ba ya kamata ya gane cewa ba daga Aflaton aka kwafo ta ba, an yi amfani da kalmar Girkawa ne aka faɗi abin da masanin Girka zai ji ya yamutsa fuska. Kuma maganar ba ta mutu a 325 ba, an kori Atanasiyus daga kujerarsa sau 5, sai a taron 381 ƙura ta ɗan lafa bayan malamai uku na Kafadokiya, Basil da ƙaninsa Giregori na Nisa da abokinsa Giregori na Naziyanzus, sun tsaya sun bambance kalmar zati da kalmar da ke nuna kowane ɗaya daga cikin ukun.

Basil da abokinsa a Atina suka yi karatu, kuma a can suka san wani ɗalibi ɗan gidan sarauta mai suna Juliyan, wanda ya hau mulki a 361 ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka. A 362 ya hana Kiristoci koyar da littattafan Girkawa, yana cewa su je coci su yi ta karanta Matiyu da Luka. Da a ce falsafa da adabi ba su dame su ba ai da sun yi murna, amma Giregori ya fusata ƙwarai, ya ce harshen Girkanci da iliminsa ba mallakin masu bautar gumaka ba ne. Basil kuma ya rubuta wa matasa nasiha cewa su yi kamar ƙudan zuma, su sauka a kan fure su ɗebi abin da zai amfane su su bar saura.

A yamma kuma, Agustin, ɗan Arewacin Afirka, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Matsalarsa biyu ce tun yana saurayi, ya kasa tunanin wani abu da ya wanzu ba tare da jiki ba, kuma ya kasa gane daga ina sharri ya fito in Allah nagari ne, wannan ya sa ya shekara kusan 9 tare da mabiya Mani masu cewa haske da duhu ikoki biyu ne da ke yaƙi. A Milan ya samu littattafan mabiya Aflaton da aka fassara zuwa Latin, su ne suka buɗe masa cewa Allah ba jiki ba ne, sharri kuma ba wani abu ne mai zaman kansa ba, rashin alheri ne a inda ya kamata a same shi. Ya yi baftisma a 387. Amma shi ma ya faɗa da bakinsa cewa a littattafan nan ya karanta cewa akwai Kalma tun farko, abin da bai samu a ciki ba shi ne Kalman ya zama mutum ya ƙasƙantar da kansa.

In ka tattara za ka ga wurare uku da suka ƙi sakin layi ko da masana za su yi musu dariya. Aflaton ya ce maƙerin duniya ya tarar da kayan aiki ne ya tsara su, Aristotal ya ce duniya ba ta da farko, su kuma tun wajajen 180 su Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus suka ce daga babu Allah ya yi ta. Girkawa na ganin jiki kaya ne da rai zai sauke ya huta, su suka nace jiki zai tashi. Na uku shi ne zaman Kalma mutum. To amma wanda ya ari turmin da aka daka daddawa, ko ya wanke shi sai ƙamshin ya bi abin da ya daka. Sun karɓi ra'ayin cewa Allah ba ya canzawa kuma wahala ba ta taɓa shi, alhali Linjila na cewa Yesu ya yi kuka ya ji yunwa ya sha azaba, sai tambaya ta zama to wane ne ya sha wahalar, kuma ɗabi'a nawa ce a cikinsa? Wannan ce ta kai su taron Afisa a 431 da na Kalsidon a 451, inda aka ce ɗabi'a biyu a mutum ɗaya, Kibɗawan Masar da cocin Habasha da Armeniyawa da wani ɓangare na Suriyanawa suka ƙi, kuma har yau ba a koma ɗaya ba. A nan kam ina ganin masanin tarihin nan na Jamus, Harnak, da ya ce aƙidun coci aikin ruhin Girka ne a kan ƙasar Linjila, yana da rabin gaskiya, domin talakan da ke noma a bakin Nilu ya tsinci kansa a wani ɓangare na rabuwar da aka yi a kan kalmomin da ko malamai ba su gama yarda da ma'anarsu ba, ga siyasar manyan kujerun Iskandariyya da Kustantiniyya da Rum ta shiga ciki.

Kuma kada a ɗauka zaman lafiya aka yi ta yi da masu falsafar. A 415 wasu gungun Kiristoci suka kashe Haifatiya, malamar lissafi da falsafa a Iskandariyya, kisan wulaƙanci, alhali ɗaya daga cikin ɗalibanta, Sinesiyus, bishop ne da kafin mutuwarsa yake rubuta mata wasiƙa cike da girmamawa. A 529 dokar sarki Jastiniyan ta kawo ƙarshen makarantar masu bin Aflaton a Atina. A wannan shekarar dai wani Kirista na Iskandariyya, Yohanna Filofonus, ya fitar da littafi yana rusa hujjojin dawwamar duniya da ma'aunin Aristotal kansa, yana cewa ba zai yiwu a ce an ratso kwanaki marasa iyaka kafin a iso yau ba.

Daga nan ne labarin ya biyo hanyar da ta iso har zaurukanmu. Kiristocin Suriya da Iraƙi sun fassara mantiƙin Aristotal zuwa Suriyanci don muhawarorinsu na aƙida, kuma jikokinsu ne irin su Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, suka juye littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Farabi a wajen malami Kirista, Yuhanna ɗan Hailan, ya koyi mantiƙi. Filofonus ɗin nan shi ne Larabawa ke kira Yahaya an-Nahwi, kuma hujjojinsa sun shiga hannun Kindi da malaman kalam. Da Imam Gazali ya tashi yi wa masana falsafa raddi, cikin mas'aloli uku da ya kafirta su a kai akwai dawwamar duniya da inkarin tashin jiki, wuraren da malaman Kirista suka ja daga tun ƙarnuka kafinsa, kuma shi ma bai jefar da mantiƙi ba, ya riƙe shi ya ce ma'auni ne. Ƙaramin littafin mantiƙin nan da almajirai ke kira Isaguji sunansa ya samo asali ne daga gabatarwar da Forfiri ya rubuta, Forfirin nan dai da ya yi juzu'i 15 yana sukar Kiristanci. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan wannan ilimi, Suyuɗi yana haramta shi saboda asalinsa, Magili yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito. Ahdari kuma a cikin littafinsa na mantiƙi mai suna Sullam, wanda har yanzu ana karanta shi a gaban malamai a ƙasar Hausa, ya kawo ra'ayi uku, Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halascinsa ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ƙware a Alƙur'ani da Sunna.